Lissafin Washinton da Gawarwakin Gombe

Ranar 31 ga Oktoba, 2025, Shugaba Donald Trump ya mayar da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini. Washegari ya yi barazanar turo sojoji, yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla. A Tudun Wada, unguwar da Jami'ar Jihar Gombe take, zancen ya isa teburin mai shayi tun kafin jaridu su fito. Waya ɗaya na yawo hannu zuwa hannu, wannan ɗalibi ya ce ceto ya zo, wancan ya ce mamaya ce, alhali gobe da safe a benci ɗaya za su ɗauki darasi.

Wannan jeri ya samo asali ne daga wata doka da majalisar dokokin Amurka ta yi a 1998, wadda ta ba shugaban ƙasa ikon ƙaƙaba takunkumi. Sakataren harkokin wajen Amurka Mike Pompeo ne ya fara saka Nijeriya a Disambar 2020, magajinsa Antony Blinken ya cire ta a Nuwambar 2021, dab da zuwansa Abuja. Kashe-kashen ba su tsaya a tsakanin nan ba. Mai zama a Fadar White House ne ya sauya. Manyan coci-cocin bishara na daga cikin ginshiƙan ƙuri'un jam'iyyar Rifabulikan, kuma sun daɗe suna matsa lamba kan batun Nijeriya. A Satumbar 2025 Sanata Ted Cruz na Tekzas ya gabatar da ƙudirin hukunta jami'an da ke aiwatar da shari'a da dokokin ɓatanci. Gombe na cikin jihohi 12 da ake lissafawa da shari'a.

To, mu duba abin da Gombe ta gani da idonta. A Janairun 2012 'yan bindiga sun buɗe wuta a cocin Deeper Life ana tsakiyar addu'a. A Disambar 2014 bam ya tashi a Tashar Dukku, inda fasinja ba ya nuna addininsa kafin ya hau mota. Ranar 16 ga Yuli, 2015, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa, mutane na sayayyar ƙaramar Sallah da azumi a bakinsu, kusan 50 suka rasu. Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, a hanyarsa ta zuwa Gombe jana'izar Sarki Shehu Abubakar aka kashe shi a Mayun 2014. Duk lissafin da ya ɗauki gawar coci ya tsallake ta kasuwa, rabin gaskiya ne. Haka ma wanda ya yi akasin haka.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda ake zuba komai a kwando ɗaya da sunan siyasar Musulunci. Dattijuwar da ta kai ƙarar gado gaban alƙali, da malamin Izala ko na ɗariƙa da ke kiran mutane su yanki katin zaɓe, me ya haɗa su da Shekau na Boko Haram? Shekau ɗin ne ya fito ya ɗauki alhakin kashe Sheikh Albani Zariya a 2014. Amma mu ma kada mu ɓoye namu. A Maris na 2007 ɗalibai sun kashe wata malama Kirista a wata sakandare da ke Gandu, cikin garin nan, bisa zargin wulaƙanta Alƙur'ani. Babu shari'ar da ta halatta wa taron yara yanke hukunci, kuma tsoron da irin wannan ya dasa a zukatan maƙwabtanmu Kiristoci na gaske ne.

Ita kuwa Amurka, da maslaharta take awo. A 2014, Gombe na cikin wuta, ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana kafa hujja da take haƙƙin ɗan Adam. Shugaban Siriya Ahmad al-Sharaa, wanda ta taɓa sa ladar dala miliyan 10 a kansa, an karɓe shi a Fadar White House ranar 10 ga Nuwamba, 2025, kwana goma bayan sanarwar Trump kan Nijeriya. Ranar Kirsimetin 2025 kuma makamai masu linzami na Amurka suka sauka a jihar Sakkwato, Abuja ta ce da saninta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tamu ita ce rashin hukunci. Don haka ɗaliban Tudun Wada, Musulmi da Kirista, ku haɗa sunayen waɗanda aka kashe a coci da kasuwa da tasha a takarda ɗaya, ku kai wa wakilanku na majalisa, ku tambaye su mutum nawa aka gurfanar gaban kotu a kan wannan jini.