Kura-kuran Ci Gaban Shiri a Fim ɗin Gawarwaki Masu Tafiya

Duk wanda ya saba da kallon fina-finan Hausa zai lura cewa a jerin sunayen ma'aikata akan ambaci wani aiki da ake kira ci gaban shiri. Mai wannan aiki shi ke tsare daidaito tsakanin fitowa da fitowa, watau idan ɗan wasa ya shiga zaure da jar hula, kada a gan shi tsakar gida da baƙa. Dalili kuwa shi ne, ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda ake ba da tatsuniya. Akan ɗauki ƙarshe kafin farko, kuma abin da mai kallo ya gani cikin minti ɗaya, mai yiwuwa makonni ne suka raba rabinsa da rabinsa.

Babu inda wannan aiki ya fi wuya kamar fim ɗin zombi, watau gawarwakin da ke tashi suna farautar masu rai. Jini da raunuka da yagaggun tufafi, duk sai an sake shirya su kowace safiya a jikin mutane da dama, a kuma mayar da kowane tabo gurbinsa na jiya. An taɓa irin wannan fim a Nijeriya, alal misali Ojuju na C. J. Obasi a 2014, amma tushen salon shi ne Night of the Living Dead, wanda George Romero ya fitar a Amurka a 1968, a kan kuɗi wajen dala 114,000. Da yake fim ɗin baƙi da fari ne, ruwan cakulan aka shafa a matsayin jini.

Ƙarancin kuɗi ya sa aka ɗauki watanni ana aikin cikin 1967, a yankin Evans City na Jihar Pennsylvania, kuma hakan ya bar alama tun daga fitowar farko. Johnny da 'yar'uwarsa Barbra sun isa maƙabarta suna zancen cewa ranar ce aka tura agogo gaba da awa ɗaya, abin da Amurkawa ke yi gab da shigowar zafi, lokacin da itatuwa ke toho. Amma ganyayen da ke hoton na kaka ne, sun bushe suna zuba. Kwatankwacinsa a wajenmu shi ne a ce ɗan wasa a Dareta yana zancen shukar fari, ga kuwa karan dawa a tattare bayansa. Manomin Anka ko Bukkuyum ba ya buƙatar malami ya nuna masa wannan kuskure. Har ila yau, cikin dare mutanen da suka fake a gidan gona suna kallon talabijin, sai ga mafarautan gawarwaki ana nuna su da rana tsaka. Wasu na kare Romero da cewa hoton da aka ɗauka tun da rana ne, kuma a ganina wannan uzuri karɓaɓɓe ne.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne kuskuren da aka tare kafin ya auku. Motar da Johnny ke tuƙawa ta mahaifiyar Russell Streiner ce, wanda ya fito a matsayin Johnny. Ana tsakiyar aiki motar ta sami lotsawa a wani hatsari da bai shafi fim ɗin ba. Maimakon a bar ta lafiya lau a wata fitowa, a lotse a wata, sai Romero ya sa Barbra ta gangara da ita ta goga wa itace yayin da take gudun gawa. Lotsawar ta sami dalili, tsoro kuma ya ƙaru.

Babban kuskuren dai ba a gaban kyamara aka yi shi ba. Sunan fim ɗin na farko Night of the Flesh Eaters ne. Da kamfanin da ya rarraba shi ya sauya sunan, sai aka manta da alamar haƙƙin mallaka da ke jikin tsohon allon suna. Bisa dokar Amurka ta wancan zamani, wannan mantuwa ta mayar da fim ɗin na kowa da kowa, duk mai so ya buga ya sayar, Romero da abokan aikinsa kuwa ba su da ko sisi a cinikin.