Laburare da Zaure

Duk wanda ya leƙa laburaren gwamnati a manyan biranenmu gab da jarrabawar JAMB ko WAEC zai tarar da kujeru cike. Samari da 'yan mata, kowa ya duƙufa a kan tambayoyin bara da na bara waccan, waɗanda ya taho da su daga gida. Littattafan da ke jere a kanta kuwa, ƙura ce kaɗai ke kai musu ziyara. Da an gama jarrabawa sai wurin ya koma hannun ma'aikata da ƙadangaru. Abin da muka mayar da laburare ke nan, inuwa mai kujera inda ƙanne ba za su dami mutum ba. Wannan ma amfani ne, amma ɗakin karatu ya taɓa yin aikin da ya fi haka a ƙasar nan.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulkin mallaka sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, En'e na kula da su, don jama'a su riƙa jin labarin yaƙi ta bakin Ingila. A daidai lokacin ne Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, take tashe, Abubakar Imam na editanta. Masu boko ba su da yawa, saboda haka mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, sauran su kasa kunne, in ya kai aya gardama ta ɓarke. Da aka shiga shekarun 1950 sai ga Yaƙi da Jahilci, ga hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Manomin da ya koyi haɗa baƙi jiya ya sami abin karantawa yau, da harshensa, a kan lardinsa.

Abin da Bature bai lissafa ba shi ne, wanda ya buɗe ƙofar karatu ba shi ke zaɓen tambayar da za ta fito ba. A Bauchi, farkon shekarun 1940, da yardar hukuma aka kafa wani zauren tattaunawa inda su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa. Tafiya ba ta yi nisa ba muhawara ta kai ga sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, har da batun albashin sarki, sai aka rufe zauren. An makara. Mutanen da suka wasa bakinsu a nan su ne daga baya suka riƙe manyan ɓangarorin siyasar Arewa.

Yau fa, me talaka zai nema a laburaren unguwarsu? Ni dai da za a ba ni kanta guda in cika, da takardun da ake mulkinsa da su zan fara. Kundin Tsarin Mulki na 1999, da bayaninsa cikin Hausa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Iyaye nawa suka sayar da akuya don ɗansu ya kwana bakwai a caji ofis, ba su san da wannan layin ba? Jadawali na Huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa. Wanda ya karanta wannan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in bola ta toshe layinsu, ba sai ya zauna yana zagin Abuja ba. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a ba su kai tsaye. Kason da kowace ke samu ana wallafa shi duk wata. A buga shi a takarda a manna a bango, kusa da ƙofa, da manyan lambobi.

Za a ce ai duk wannan yana cikin waya, rediyo ma na faɗa. Gaskiya ne, Bahaushe da rediyo sai Allah. Amma maganar rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce, kuma filin siyasa na dare galibi sojojin baka ne suka saye shi. Waya kuwa kowa abin da ransa ke so take kawo masa, shi ya sa mutum biyu za su kwana musu a teburin mai shayi kowa da nasa "an ce". Takarda a kan tabarma daban take. Masu jayayya su duƙa a kan shafi ɗaya, yatsa ya nuna layi, wanda bai iya karatu ba ya ce a maimaita masa. Don haka nake ganin allon nan na "A Yi Shiru" da muka gada bai kamata ya mamaye gini duka ba. A bar wa ɗalibai ɗakinsu na shiru, a ware zaure na magana. Mun san zaure tun kafin laburare. A nan malam ke biya littafi bayan Asuba, a nan ake aron kundi a kwafa a mayar.

Sai batun mata. Shekara da shekaru, laburaren gaskiya na matan Kano shi ne shagon mai hayar littafi, yaro ya kai kuɗi ya karɓo na Balaraba Ramat Yakubu ko na Bilkisu Funtuwa, a karanta a cikin gida a miƙa wa maƙwabciya. Hukuma ta fi kallon waɗannan littattafai da idon tuhuma, har an ƙona wasu a Kano a 2007. Masu karatun ba su daina ba, waya suka koma. Laburaren da ya rasa ranar mata da ma'aikaciya mace ya sallami rabin unguwa, alhali tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta nuna hanya, da ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa.

A kanta ta biyu zan sa mu kanmu. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja, rubutun ajami da ke ruɓewa a adakar kakanni, da abin da aka samu na Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Sannan tarihin unguwar ita kanta, daga bakin tsofaffinta, a naɗa tun suna raye. Sunayen unguwannin Kano kaɗai darasi ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi. Yaron da ya ji yadda kakanninsa suka zo da fatauci suka zama Kanawa, zai yi wuya a zuga shi a kan baƙon da ya sauka jiya.

Gini ba shi ne wahalar ba. Ɗaki ɗaya, tabarmi, fitilar sola, sun isa a fara. Abin da ke kashe irin waɗannan wurare shi ne rashin mai buɗewa. Ɗan majalisa ya gina, a yanka ƙyalle, a jibge kwalayen tsofaffin littattafan da aka roƙo daga waje, wasu a kan dokar harajin Amurka, bayan wata uku mabuɗi ya bi wani ƙauye. Albashin mutum ɗaya mai son karatu, wanda ya san unguwa kuma unguwa ta san shi, ya fi kwantena guda ta littattafai. Hanyar biyansa kuwa tana cikin fiƙihunmu tuntuni: attajirin unguwa ya yi waƙafin shago ɗaya a bakin titi, kuɗin hayarsa ya riƙa biyan mai kula da sayen jarida.