Bokiti a Bakin Ƙofa, Tari a Cikin Aji

Da na ce ni ɗan Falgore ne, sai a fara yi mini tambayar dajin nan na hanyar Jos. Ba can ba ne. Tamu Falgoren tana ƙaramar hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, maƙwabtan Ƙaraye. A nan nake koyarwa a firamare, kuma a nan na ga yadda aka buɗe makarantu bayan kullen korona.

An sallami yara ranar 23 ga Maris, 2020, da cewa hutun kwana talatin ne. Kwana talatin ya zama kusan wata bakwai. A tsakani aka sami mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka kulle gari, aka yi ta jana'izar dattawa a birni har masu haƙar kabari suka gaji. Mu a ƙauye rediyo ke kawo mana labari, mutane da yawa kuwa cewa suke cutar masu hawa jirgi ce. Abin ya matso kusa da mu ne lokacin da gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu, aka mai da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kusalla, nan Ƙaraye, ɗaya daga wuraren killace yaran. Gwamnatin Kaduna kuma ta ce ta sami masu cutar da dama cikin almajiran da aka kai mata daga Kano. Darasi na farko ke nan ga mai lura: yaran da ke kwana ɗaki ɗaya, suna cin kwano ɗaya, idan ɗaya ya ɗauka sauran ba su tsira ba.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare aka fara mayarwa a watan Agusta, saboda jarrabawar WAEC da aka soma ranar 17 ga watan. Mu sai 12 ga Oktoba. Takardar ƙa'idoji ta riga mu isa makaranta: kowa ya sa takunkumi, a wanke hannu da ruwa mai gudu da sabulu, a auna zafin jiki a ƙofa, a bar tazara tsakanin yaro da yaro. Hedimasta ya karanta mana ita a tsaye, ya ninke, ya dube ni ya ce, "Malam, ajinka mutum nawa ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a rajista casa'in da huɗu." Bai ƙara magana ba.

An raba wa azuzuwa ranakun zuwa don a rage cunkoso, amma ajin da ya zo ai gaba ɗayansa yake zuwa. Benci bakwai gare ni, sauran yara a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa. Bokiti mai famfo aka girka a bakin ƙofa, sai dai ruwan daga rijiyar unguwa yara ke ɗaukowa, kafin ƙarfe tara ya ƙare, kuma rabinsa sha aka yi. Takunkumi kuwa tela ya ɗinka da ragowar atamfa. Na ga wa da ƙane suna karɓa-karɓa da guda ɗaya: wa ya shiga da shi, ya miƙo wa ƙanen ta taga.

Ban kawo wannan don a yi dariya ba. A lokacin duk hankalinmu na kan hannu da bokiti, alhali cutar ta iska ta fi tafiya. Mai ɗauke da ita idan ya yi tari, ko magana, ko karatu da ƙarfi, yana fitar da 'yan ɗigon da ido ba ya gani, su yi ta yawo a ɗaki kamar hayaƙin murhu a madafin da ba shi da taga. Yawan mutane, tsawon zama da rashin iska, su ne abincinta. Ga shi yara sau da yawa ba sa nuna alama, ko su yi 'yar mura su warke, don haka na'urar auna zafin goshi ba ta kama su. Yaro zai wuce ƙofa lafiya ƙalau, ya koma gida ya kwana ɗakin kakarsa mai hawan jini. Tsoron da likitoci ke yi ke nan: ba yaron ba, tsohuwar.

Inda aka bi diddigi an ga haka. A Birnin Ƙudus, wata sakandare mai suna Gymnasia Rehavia ta buɗe a watan Mayun 2020, aka yi zafi mai tsanani, aka ɗage wa ɗalibai sa takunkumi na 'yan kwanaki, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Cikin kwana goma cutar ta ɓalle: ɗalibai 153 da ma'aikata 25. Ajin da suke kira cunkusasshe bai kai mutum arba'in ba, na karanta na yi murmushi. A Amurka, Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill mako ɗaya kacal ta yi da buɗewa a Agusta ta mayar da karatu intanet, saboda ɓullar cutar a ɗakunan kwanan ɗalibai. A nan gida, a Gombe an sami 'yan ajin ƙarshe da suka kamu a lokacin WAEC. Babbar ita ce ta Legas: makon da muka koma aji, kwamishinan lafiya Akin Abayomi ya sanar cewa a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Lekki an gwada mutum 441, aka sami 181 da cutar, mafi yawansu ba sa jin komai a jikinsu.

Ku lura da wannan na ƙarshen. An san da su ne domin an gwada su. Makarantar masu hali ce, yarinya ɗaya ta yi zazzaɓi aka kai ta gwaji, aka biyo sawu. A ajina babu yaron da aka taɓa zura wa tsinken auduga a hanci. Wanda ya yi zazzaɓi, kemis za a kai shi a ce maleriya ce ko shawara, kuma sau da yawa ita ɗin ce. Shi ya sa idan na ji ana bugun ƙirji a majalisa cewa korona ba ta shiga makarantunmu ba, nakan ce a'a, rajistarta ce ba ta shigo ba. Wanda bai leƙa rumbu ba, ba shi da bakin cewa babu ɓera.

Amma ina da wani zato, kuma zaton malamin firamare ne, ba na likita ba. Talaucin ginin namu ya yi mana rana. Tagogin ajina ba su da marfi, rufin ya yaye ta kusurwa ɗaya, iska na shiga ta gabas ta fita ta yamma. Rana ta take kuma, ƙarƙashin darbejiya muke komawa. Abin da Turawa suka dawo suna kashe kuɗi a kai, a buɗe taga, a yi darasi a waje, mu dole ta sa muke yin sa tun fil azal. Inda na fi jin tsoro shi ne ɗakin kwanan makarantun kwana, da zauren karatun dare, inda ake rufe ƙofa saboda sauro a haɗa kai a kan fitila ɗaya.

Sai hunturu ya shigo. Iyaye suka kawo buhu da kwali aka toshe tagogi saboda sanyi, aji ya cika da tari, ba ka bambance na ƙura da na wani abu. Daidai lokacin ake ta maganar zagaye na biyu na cutar a faɗin ƙasa. Ranar 11 ga Disamba aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, 'yan kwanaki bayan haka Kano ta sake rufe makarantu. A Falgore ba wanda ya tsaya tambayar ko korona ce ko 'yan bindiga, don kowa ya san wadda ta fi hana shi barci. 'Yan jami'a kuwa, ga annoba ga yajin aikin malamansu tun Maris, sai Janairun 2021 suka ga aji.

Da muka dawo ranar 18 ga Janairu na kira suna. 'Yan mata uku ba su amsa ba, an ce suna talla. Wasu samarin sun bi motar rake, wani an kai shi gabas karatun allo. Waɗanda suka zo, da yawa sai da muka koma kan baƙi da wasali, domin darasin rediyon da aka yi ta yaɗawa lokacin kulle ya same su a gona. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a ɗebo ruwan wanke hannu?" Na leƙa bakin ƙofa. Famfon bokitin ya karye, mai gadi ya toshe ramin da leda yana jiƙa wa akuyarsa dusa a ciki. Na ce ta zauna, na sa manyan yara biyu suka cire kwalin da ke tagar gabas.