Wa ke sa ido kan kuɗaɗen Jami'ar Ahmadu Bello?

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari ne, to amma mallakar gwamnatin tarayya ce, don haka daga Abuja ake bin diddigin kuɗaɗenta.

Sashe na 85 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne ya tanadi ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya.

Sai dai sashen bai ba shi ikon binciken asusun hukumomi irin su jami'o'i kai-tsaye ba.

Aikinsa shi ne ya ba su jerin ƙwararrun masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi kan rahotonsu, ya kuma riƙa duba littattafansu lokaci-lokaci.

Rahotonsa kan je gaban kwamitocin kula da asusun gwamnati na Majalisar Dattawa da ta Wakilai.

Hanya ta biyu kuwa ita ce kwamitin ziyara, wanda wata doka ta 2003 ta ce shugaban ƙasa ya tura kowace jami'ar tarayya aƙalla duk bayan shekaru biyar.

To amma kwamitocin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa a 2021, shekaru goma suka bincika, daga 2011 zuwa 2020.

Wa'adin shugaban jami'a dai shekaru biyar ne kacal, abin da ke nufin idan bincike ya makara haka, wanda ya kashe kuɗin ya riga ya bar ofis kafin a tambaye shi.