Yadda ake gwada farantin sola a kwamfuta kafin a ƙera shi

Silikon da aka goge ya yi sumul yana mayar da fiye da kashi 30 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, tamkar madubi, kuma duk hasken da ya koma sama wutar lantarki ce aka rasa. Saboda haka masu ƙera farantin sola ke sassaƙa fuskarsa da ƙananan tuddai masu siffar dalar gyada, sannan su shafa mata wani siririn rufi da kaurinsa bai kai nanomita 100 ba. Rufin nan ne ke ba farantai da yawa launin shuɗi. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne idan aka raba mita gida biliyan.

A irin wannan ƙanƙanta haske ba ya tafiya a miƙe kamar kibiya. Tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce: yana lanƙwasawa, wata igiya ta ƙara wa wata ƙarfi ko ta kashe ta. Tsawon igiyar hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, don haka ɗan sauyi a kaurin rufi yana sauya yawan hasken da zai shiga. Gwada kowace siffa a masana'anta na cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ake fara gwajin a kwamfuta.

Tushen aikin shi ne ƙa'idojin lissafin da James Clerk Maxwell ya fitar a shekarun 1860, waɗanda suka bayyana yadda ƙarfin lantarki da na maganaɗisu ke haifar da juna. A 1966 Kane Yee ya wallafa hanyar warware su mataki-mataki, wadda daga baya aka sa wa suna FDTD. Ana yanka siffar da za a gwada zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, a gaya wa kwamfuta abin da ke cikin kowanne, silikon ne ko gilashi ko iska. Sai a sako haske, kwamfuta ta lissafa ƙarfin lantarki a kowane akwati, ta lissafa na maganaɗisu daga gare shi, ta ɗan matsa lokaci gaba, ta maimaita sau dubbai. A ƙarshe za a ga hasken da aka sha, da wanda ya koma, da wanda ya ratsa ya wuce.

Lissafin yana da nauyi: idan aka rage girman akwatunan da rabi domin samun daidaito, ma'ajiyar da ake buƙata tana ninkuwa sau 8, lokacin aiki kuma sau 16. Sannan sakamakon ba ya wuce ingancin bayanan da aka shigar. Ƙurar hunturu ko zafin bazara ba sa shiga lissafin sai an saka su.

Abin da ake fafutuka a kai 'yan ɗigo ne na kashi. Farantin da Bell Labs ya nuna a Amurka a 1954 yana mayar da kusan kashi 6 na haske zuwa lantarki; na kasuwa a yau sun haura kashi 20. Lissafin da William Shockley da Hans Queisser suka fara a 1961 ya nuna cewa irin wannan farantin mai hawa ɗaya ba zai wuce kusan kashi 33 ba. Kowane ɗigo da aka ƙara yana rage kuɗin da mai saye ke biya kan kowane wat.

Nan batun ya shafi siyasar makamashi. Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 na masana'antar sola ta duniya, Najeriya kuwa shigo da mafi yawan farantanta take yi. Masana'antar da ke harhaɗa ƙwayoyin silikon da aka sayo daga waje tana samar da ayyuka, amma ilimin tsara su yana wajen wanda ya sayar. Kafa masana'antar silikon na buƙatar jari mai yawa, amma manhajar Meep, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT don wannan lissafi, kyauta ce a intanet. Abin da ɗalibin kimiyya ke buƙata ya fara shi ne kwamfuta mai ƙarfi, malamin da ya san aikin, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar lissafi ba. Duk ukun suna cikin abin da kasafin jami'o'i zai iya ɗauka, idan masu tsara shi sun sa su a gaba.