Ko Ka San Gafiya Tana Shuka Itatuwa?

A gonakin bakin kogin Binuwai, su Damare da ƙauyukan da ke kewaye da ita, babu manomin da ke yi wa gafiya kallon arziki. Ita ce mai tone gyaɗa kafin ta ƙosa, mai huda rumbu ta ƙasa, mai kwashe masara cikin dare ta bar wa mai gona totuwa. Amma can a tsaunin Mambila, masu bincike sun shafe shekaru suna bin sawunta da zare da kyamara, kuma sun tabbatar da cewa wannan ɓarauniya tana cikin 'yan dabbobin da suka rage masu shuka manyan itatuwan kurmi.

Mutane da yawa sun ɗauka gafiya ɓera ce da ta samu wuri ta yi ƙiba. Masana dabbobi kuwa sun ware ta a wani dangi dabam da na ɓeran gida. Babba takan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsawonta daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yakan kusanci santimita 90, kusan rabinsa wutsiya ce, mai fari daga tsakiya zuwa ƙarshe. A cikin kumatunta akwai jaka biyu da take cusa abinci har fuskar ta kumbura, sannan ta ruga rami ta zazzage. Wanda ya fara cewa "gafiya tsira da na bakinki" ya san dabbar sarai. Ganinta ba shi da ƙarfi, ga shi sai dare take fita, saboda haka da hanci take rayuwa.

Wannan hanci ya kai danginta inda ba a zata ba. A garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda ɗan ƙasar Beljiyam Bart Weetjens ya kafa a 1997, tana horar da gafiyoyi su sansano nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Nauyinsu bai kai ya tayar da nakiya ba, ladansu kuma ayaba ce da gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya, har aka rataya masa lambar zinariya a 2020, kafin ya mutu a watan Janairun 2022. Wasu kuma kakin marasa lafiya suke sansanawa don gano tarin fuka. Wannan labari ya zaga duniya. Aikin da gafiya ke yi a dajinmu ba tare da kowa ya horar da ita ba, shi ne ba a cika ji ba.

Daga Yola zuwa kurmin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila tafiyar wuni guda ce cur, ta Jalingo da Bali da Serti, sannan a hau tsauni. Kafin 1991 duk jiha ɗaya ce, Gongola, da hedikwata a Yola. Yanzu wurin yana ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa. An keɓe shi a matsayin gandun daji a 1969, mai faɗin murabba'in kilomita 46, sai dai ainihin kurmin bai wuce murabba'in kilomita 7 ba, a maƙale a gangaren kwari, tsakanin mita 1,400 zuwa 1,600 daga doron teku. Sauran duk ciyawa ce da shanu ke kiwo. A shekarun 1970 wani jami'in gandun daji, J. D. Chapman, ya zaga dazuzzukan tsaunukan Taraba da Adamawa yana rubuta abin da ke cikinsu. A 2002 'yarsa, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan, ta jagoranci ayari suka sake bin sawunsa. Sun tarar yawancin itatuwan suna nan, amma wutar daji da kofaton shanu suna cin gefen kurmin, manyan namun daji kuma farauta ta yi musu illa. Daga wannan tafiya aka kafa tashar bincike a bakin kurmin, inda ɗaliban Nijeriya da na waje ke aiki tare da mutanen Yelwa.

Me ya haɗa ƙarewar namun daji da makomar itace? Itace ba ya tafiya, kuma ƙwallon da ya faɗi a gindin uwarsa da wuya ya rayu. Inuwa ta yi masa yawa, ƙwari da cututtukan da suka saba da uwar suna nan suna jira. Ƙananan iri iska ko tsuntsu ya ɗauke su. Babban ƙwallo kuwa sai babban baki. Yau babu giwa a Ngel Nyaki. Birin cimfanzi kuwa, da ke haɗiye manyan 'ya'yan itace ya kasayar da ƙwallayen a nesa, ƙidayar da aka yi ta nuna ba su kai 20 ba. Sai nauyin ya ƙara komawa kan masu ƙananan ƙafafu.

Itacen da aka fi yin nazari a kansa shi ne Carapa, ɗan uwan maɗaci da darbejiya. 'Ya'yansa manya ne masu kauri. Idan sun nuna da damina sai su faɗo su fashe, ƙwallaye masu ruwan ƙasa su warwatsu, kowane ya kai girman goro, cike da mai, ga ɗaci. Ƙwallon ba ya jure bushewa. Idan ya daɗe a sarari, ko dai ya bushe ya mutu ko tsutsa ta huda shi. Abin da yake buƙata shi ne a matsar da shi daga gindin uwa a rufe shi da 'yar ƙasa mai laima.

Babale Aliyu na Jami'ar Jihar Gombe, da Biplang Yadok bayansa, sun yi digirin digirgir a kan wannan tambaya: wa ke ɗauke ƙwallayen, kuma ina yake kai su? Dabarar ba ta da tsada, sai dai tana cin haƙuri. Za a huda ƙwallo da siririyar kibiya, a zura zaren nailan, a ɗaura wa ƙarshen zaren ƙyallen leda mai launi ɗauke da lamba. A jera ƙwallayen a ƙasa, a ɗaure kyamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin itace, a tafi. Da safe ma'aikata su dawo su tarar wurin wayam. Daga nan sai a duƙa ana bin ƙasa taki-taki, ana ɗaga busassun ganye, ana leƙa ƙarƙashin saiwa, har a hango ƙyallen. Wani lokaci zaren kawai za a samu da ɓawo a gefensa: an cinye. Wani lokaci zaren ya nutse cikin rami mai zurfi, wannan ma ya tafi ke nan, don ba ya tsirowa daga can. Amma wani lokaci sai a ga ƙyallen a sarari, zaren ya shige ƙasa kaɗan, a tona da yatsa a tarar da ƙwallo lafiya lau, an rufe shi da ƙasa da ganye. A auna nisansa daga inda aka ajiye shi, a rubuta, a mayar, gobe a sake dawowa, domin mai ajiyar takan tone ta sauya wuri.

Hotunan kyamara suka fallasa mai aikin: galibi gafiya ce, sai wata ƙaramar beguwa ta kurmi. Ashe ban da rumbun da take tarawa a rami, gafiya tana da ɗabi'ar rarraba ajiya nan da can, ƙwallo ɗaya a nan, ɗaya a can, don kada ɓarawo ya yashe ta gaba ɗaya. Wanda ta manta, ko wanda mujiya ta riga ta cafke mai shi kafin ta dawo, shi ne ke tsirowa. An ga irin wannan a kurmin Nyungwe na Ruwanda, inda Aisha Nyiramana da abokan aikinta suka wallafa shaidarsa a 2011.

Kada dai a yi wa gafiya rawanin da ba nata ba. Yawancin ƙwallayen da ta ɗauka cikinta suke tafiya, waɗanda ta binne ma takan dawo ta cinye mafi yawansu, kuma ba ta kai su nesa sosai. Binciken Yadok ya nuna cewa a shekarar da itacen bai yi 'ya'ya da yawa ba, ɓarnar ta fi tsanani. Sai a shekarar yalwa ne ake samun rarar da ke tsira. Lebura ce mai tsadar lada, wadda ke cinye kusan duk irin da aka ba ta ta shuka. Sai dai itacen da zai yi shekaru aru-aru yana zubar da 'ya'ya ba ya buƙatar fiye da 'yan ƙalilan su kai girma, kuma a wannan kurmi babu dogon layin masu neman aikin.

Mutane ma ba su naɗe hannu ba. Ma'aikatan tashar, akasarinsu 'yan Yelwa, sun kewaye wasu filayen ciyawa na bakin kurmin da waya don hana shanu shiga, suna share hanyar tare wuta kowane rani, suna tsintar iri su rene shi a leda, su dasa dubban dashe da damina. A wani fili mai hekta 20 sun auna duk wani itace da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, sama da 40,000, kowane da lambarsa, don a riƙa komawa ana ganin wanda ya girma da wanda ya mutu. Abin da suka lura shi ne kurmi yana dawowa cikin ciyawa da nawa ƙwarai, kuma masu ƙananan iri ne ke riga isa, waɗanda tsuntsaye ke kawowa. Manyan ƙwallaye sai an kai su, ko da hannun mutum ko da bakin dabba.

Wanda yake ganin wannan wahala ta yi yawa, ya dubi abin da ya sami Amurkawa. Suna da wani itace na asali, cesnat, mai kai tsawon mita 30, mai katako da ba ya ruɓewa da wuri, mai ƙwallo da mutane da dabbobi ke ci. A 1904 aka lura da wata cuta irin ta fumfuna a jikin itatuwan gidan namun daji na Bronx a birnin Niyu Yok, wadda ta shigo tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Kafin 1950 ta hallaka itatuwa biliyan 3 zuwa 4. Saiwar ba ta mutuwa, takan yi toho, amma kafin tohon ya kai ga haihuwa sosai cutar ta sake kama shi.

A 1983 aka kafa gidauniyar farfaɗo da itacen, wadda ta buɗe gonar bincike a Meadowview ta jihar Bajiniya a 1989. Shirin shi ne a yi barbara tsakanin na Amurka da na Sin mai jure cutar, sannan a yi ta mayar da 'ya'yan ga na Amurka, har a sami itace mai kamannin gida da juriyar baƙo. 'Yan sa kai, da tsofaffin ma'aikata da malamai da manoma, su ke hawa sama su rufe furanni da jaka, su shafa musu garin barbara da hannu, su dawo da kaka su tsinke 'ya'yan kafin kurege ya riga su. Idan sun shuka sai sun kewaye kowane ƙwallo da raga, alhali kuregen nan da wasu tsuntsaye su ne suka yaɗa itacen tun asali, da irin ajiyar da gafiya ke yi. Sakamakon bai zo da sauƙi ba, don an gano juriyar ba a ƙwayar gado ɗaya take ba. Wasu masana a wata jami'ar jihar Niyu Yok, William Powell da Charles Maynard, sun ɗauko ƙwayar gado daga alkama suka saka wa itacen don ta karya gubar cutar. A watan Disambar 2023 gidauniyar ta janye goyon bayanta, saboda itatuwan ba su girma yadda aka so ba, kuma an gano an yi kuskuren lamba tsakanin iri biyu. Shekara 40 da ɗoriya ke nan ana fama, dajin bai dawo ba.

Mu nan ba cuta ce ta ci namu ba, zarto ne. Maɗobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, an yi mata yankan ƙare dangi a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodi zuwa Sin, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017, ta kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Sa'ar da muka yi ita ce irinmu yana nan da lafiyarsa. Kututturen maɗobiya yana toho, irinta mai fiffike ne, iska ke ɗauka. Kaɗanya kuwa, da ba a saba dasa ta ba, jemage da sauran dabbobi ne ke yar da ƙwallonta, manomi ya tarar da tsiro ya ƙyale shi, ya jira shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ba mu buƙatar ɗakin gwaji don dawo da su. Abin da suke nema shi ne tsiro ya tsallake shekarunsa na farko.

A nan ne farautar gafiya ta zama matsala. Naman ba shi ne abin damuwa ba, ko da yake mai fiɗa ya yi hattara, don gafiyoyin da aka kai Amurka daga Gana suna cikin dabbobin da aka alaƙanta da ɓarkewar ƙyandar biri a can a 2003. Abin damuwa shi ne wutar da ake cinna wa daji da rani don a koro ta daga rami. Wutar ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, tana lashe tohon maɗobiya da tsiron kaɗanya da duk ƙwallon da ke kwance a ƙasa, a yini guda. Masu unguwanni da sarakunan farauta na Girei da kewayen dutsen Bagale su ne ke da bakin da samari ke ji; su hana farauta da wuta, mai son gafiya ya kafa tarko.