Makarantar da ba ta tambayar sakamakon jarrabawa

A kan titin Catharine da ke kudancin birnin Filadelfiya a ƙasar Amurka akwai wata makaranta da ba ta ba da digiri, ba ta kuma neman takardar shaidar kowa kafin ta ɗauke shi. Sunanta Fleisher Art Memorial. Abin da ake koyarwa a cikinta shi ne zane da fenti, da ginin tukwane, da sassaƙa, da buga zane a kan takarda, da ɗaukar hoto. Ba don riba aka kafa ta ba, kuma yau ta haura shekara 125 tana aiki.

Wanda ya kafa ta, Samuel Fleisher, ɗan gidan masu kuɗi ne. Danginsa Yahudawa ne 'yan asalin Jamus, suna da masana'antar zaren ulu a birnin. A wancan zamani unguwannin kudancin Filadelfiya cike suke da baƙi da suka yi ƙaura daga Italiya da gabashin Turai, kuma yara da yawa a masana'antu suke wuni maimakon aji. A shekarar 1898 Fleisher ya buɗe ajin koyon zane kyauta domin samarin unguwar, ya sa masa suna Graphic Sketch Club. Da tafiya ta yi tafiya, 'yan mata da manya suka shigo, ba a duba launin fata ko addini.

Za ka iya cewa yaron da ke fama da abin da zai ci, me zai yi da fensir? Tambayar tana da nauyi, amma labarin wani yaro mai suna Louis Kahn ya amsa wani ɓangare nata. An haife shi a 1901 a yankin da yanzu yake ƙasar Estoniya, iyayensa suka kawo shi Filadelfiya yana ƙarami. Talaucin gidansu ya kai ga ba a iya saya masa fensir, sai dai ya ƙona ƙirare ya yi zane da gawayinsu. Yana cikin yaran da suka riƙa zuwa ajin na Fleisher. Wannan yaron ne ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen gine-gine na ƙarni na 20. Shi ya zana ginin majalisar dokokin Bangladesh da ke Dhaka, wanda aka kammala a 1982, shekara takwas bayan rasuwarsa. Har yau akwai ɗakin lacca a makarantar mai ɗauke da sunansa.

Ba kowane ɗalibi ne zai zama Kahn ba, kuma a ganina ba nan darajar wurin take ba. Yawancin masu zuwa ba sana'a suke nema ba. Ma'aikaci ne ya tashi daga aiki ya zo ajin dare, ko dattijuwar da ta yi ritaya, ko ɗan sakandaren da makarantarsu ba ta kula da darasin zane. Malaman kuwa masu sana'ar ne da kansu. Ana koyo ne da hannu: ka kalli abin da aka ajiye a gabanka, ka zana, malami ya zagayo ya nuna maka inda inuwa ta kauce, ka goge ka sake. Mai ginin tukunya zai ɓata yumɓu sau da yawa kafin ya iya tsayar da shi a tsakiyar faifan da ke juyawa. Babu maki, don haka babu faɗuwa.

Matasa suna da nasu shirin, Teen Lounge, wanda ake yi bayan an tashi daga makaranta, kuma kyauta ne. Abin burgewa a nan shi ne matasan suna da ta-cewa wajen zaɓen masu fasahar da za su zo su yi aiki tare da su. Ga wanda ya saba da ajin da malami kaɗai ke magana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ginin kansa abin kallo ne. A 1922 Fleisher ya sayi wata tsohuwar majami'a da ke jikin makarantar, ya mayar da ita wurin ajiye kayan fasaha da zaman natsuwa. Unguwar kuwa ba ta daina karɓar baƙi ba, sai dai yanzu daga Meziko da Biyetnam da Kambodiya suke zuwa, makarantar kuma tana shirya bukukuwan al'adu tare da su.

To, kuɗin fa? Yumɓu da fenti da wutar gasa tukwane ba a samun su a banza, malamai ma sai an biya su. Da Fleisher ya rasu a 1944, ya bar dukiyarsa amana a hannun gidan adana kayan fasaha na Filadelfiya domin aikin ya ɗore, daga nan ne aka sa wa makarantar sunansa. Amma wasiyya kaɗai ba ta riƙe makaranta har abada. Yau ana haɗawa da gudummawar jama'a, da tallafin gidauniyoyi, da kuɗin da ɗalibai ke biya a wasu azuzuwan, yayin da wasu azuzuwan ba a karɓar kuɗin karatu, akwai kuma rangwame ga marasa hali. Wannan shi ne ƙalubalen kowace makaranta irin wannan: in kuɗin aji ya yi sama, yaran da aka kafa ta dominsu su ne farkon waɗanda za su daina zuwa, in kuma ya yi ƙasa sosai, sai a rasa abin sayen yumɓun zango mai zuwa.